Ga mai fama da fuska bayan barin man bilicin

'Yar uwa, in fuska ta ɗau zafi, jiƙa tsumma mai tsafta da ruwan randa ki ɗora minti 10, sai ki shafa Vaseline ɗan kaɗan tun fatar na da danshi.

Mayukan bilicin nan masu clobetasol ko betamethasone, wato magunguna masu ƙarfi da ake kira steroid, siranta fata suke yi, kina dainawa jijiyoyin jini su buɗe, shi ne jan nan da raɗaɗin, sanyi kuwa yana lafar da su.

Don Allah banda lemon tsami, banda dilka, banda soso, ki guji rana. Kar ki koma wa man bilicin ko da fatar ta ƙara tashi, dama sai ta yi haka.

In ƙananan ƙuraje ne kewaye da baki, Vaseline na iya ƙara su, bar shi. In akwai mugunya, zazzaɓi ko kumburin ido, maza wajen likitan fata.