Yadda za ku gwada tasirin yawan sauyin ƙwayar gado a jikin ƙudan ayaba

Kun san 'yan mitsi-mitsin ƙudajen nan masu jan ido da ke yanyame ayaba ko mangwaro in ya fara ruɓewa, to su ne Drosophila melanogaster, asalinsu ma nan Afirka ne kafin su bi mutane su watsu duniya. A jikinsu Thomas Hunt Morgan ya ga namiji mai farin ido a 1910 a Jami'ar Kolumbiya da ke Amurka, sai kuma Hermann Muller ya nuna a 1927 cewa hasken eksire yana ninka sauyin da ke aukuwa a ƙwayar gado, wato miyuteshan, har ya ci kyautar Nobel a 1946. Wannan bayanin na ɗaliban bayoloji ne masu lab da sufabaiza, waɗanda ke son gani da idonsu ko ƙara yawan sauyin nan yana taimakon ƙuda ko kashe shi yake.

Ku fara da kiwo tukuna. Abincinsu ba wahala, garin masara da suga da yis da garin aga (wani gari ne da ke sa ruwa ya daskare) a dafa a zuba a gindin kwalba, in ya huce a sa ƙuda a toshe da auduga. A zafin digiri 25 kwana goma ne daga ƙwai zuwa babban ƙuda. Matsalarmu a nan zafi ne, don in ya kai wajen digiri 30 mazan sukan daina haihuwa, kenan wanda ya yi gwajin a Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri babu inkubeta zai ga ƙwai sun ƙi ƙyanƙyashewa ya ɗauka hasken ko sinadarin da ya ba su ne ya yi aiki alhali rana ce ta gasa su. Ku tanadi wuri mai sanyi da ma'aunin zafi kafin komai. Ku koyi rabe jinsi kuma, ana kwantar da su da ƙanƙara a duba, namiji ƙarami ne bayansa baƙi, mace ta fi girma cikinta da zane-zane. Mata kuwa sai budurwai, a kwashe su cikin awa takwas da fitowarsu daga ƙwanson da tsutsa ke shiga ta rikiɗe ƙuda, saboda mace in ta haɗu da namiji sau ɗaya tana adana maniyyinsa kwana da kwanaki.

Sai ku raba maza gida uku daga tushe ɗaya: waɗanda ba a taɓa ba, waɗanda aka ba kaɗan, da waɗanda aka ba da yawa. Ko dai eksire, ko wani sinadari mai jawo sauyin ƙwayar gado da ake kira EMS, wanda ake sa musu a ruwan suga su sha. Don Allah kar wanda ya taɓa EMS shi kaɗai, yana jawo kansa, aikin ƙwararre ne a akwatin zuƙe iska da safar hannu, kuma sai an kashe dafinsa kafin a zubar. Ku haɗa mazan da budurwai, bayan kwana uku ku cire su, ta yadda maniyyin da abin ya taɓa kai tsaye shi kaɗai zai shiga lissafi.

Awo na farko mai sauƙi ne. A bar mata su yi ƙwai a faranti mai aga, a ƙirga, bayan kwana biyu a sake ƙirga waɗanda ba su fashe ba, tunda lafiyayyen ƙwai kwana ɗaya yake yi. Da eksire za ku ga matattun ƙwai suna ƙaruwa yadda aka ƙara haske, don yana kakkarya kuromosom ne, wato zaren da ƙwayoyin gado ke jere a kansa, shi kuma EMS yawanci harafi ɗaya yake canzawa a DNA, wato rubutun gadon da ke cikin kuromosom, illarsa ta fi ɓuya.

To a nan ne ɗalibai da yawa ke yin kuskure, sai su zuba ido suna jiran ƙuda mai farin ido ko lanƙwasasshen fiffike, in ba su gani ba su rubuta wai babu sauyi. Irin wanda ake gani a fili ƙalilan ne. Mafi yawan ɓarnar a lulluɓe take, saboda kowane ɗa yana da kwafi biyu na ƙwayar gado, na uba da ya lalace da na uwa mai lafiya, sai na uwar ya rufa asiri. Dabarar tona shi ita ce a bi ta kuromosom X, tunda namiji guda ɗaya gare shi, ba abin da zai rufe masa. Ku nemi irin ƙudan da ake kira Muller-5, idonsu siriri ne kalar ruwan lemo ba ja ba, kuma X ɗinsu a jujjuye yake don kar ya cakuɗa da wanda kuke gwadawa. Ku haɗa budurwan Muller-5 da mazan da aka yi wa magani. 'Ya'ya matan da za a samu kowacce tana ɗauke da X ɗaya na ubanta, sai a sa kowacce a kwalbarta ita kaɗai da 'yan'uwanta maza, kwalba ɗaya X ɗaya kenan. In jikoki suka fito ku dubi maza kawai. Ya kamata rabi su zama masu siririn ido, rabi masu jan ido zagayayye. Kwalbar da ta cika da maza amma babu mai jan ido ko ɗaya, to X ɗin nan ya ɗauko sauyi mai kisa. Wadda masu jan idon suka fito amma 'yan kaɗan ita ma ku rubuta ta, wannan sauyi ne mai raunanawa, kuma irinsa ya fi mai kisa yawa. A rukunin da ba a taɓa ba wajen kwalba ɗaya zuwa uku cikin dubu ake samu da sauyi mai kisa, saboda haka in kun duba kwalba ɗari ba ku ga komai ba daidai ne.

Kar ku tsaya a matsakaicin lissafi kawai, ku duba tazarar da ke tsakanin kwalba da kwalba, nan ne bambancin gado yake bayyana. Terumi Mukai ɗan Japan ya nuna haka a 1964 ba tare da wani haske ba, ya bar sauyi yana taruwa da kansa a kuromosom na biyu zuriya bayan zuriya, sai ƙarfin rayuwa ya riƙa sauka a hankali, layukan zuriyar da ya ware kuma suna ƙara shan bamban da juna.

Wanda ke da lokaci, kamar mai yin masta, ya ci gaba da kiwon kowane rukuni zuriya goma ko fi, aƙalla kwalba uku-uku, wasu da ƙuda kaɗan wasu da ɗaruruwa, yana ƙirga 'ya'yan da suka fito kowane zagaye. Ni a ganina nan ne daɗin aikin yake. A babban taro masu mugun sauyi sukan mutu ko su kasa haihuwa sai jama'ar ta farfaɗo, har Francisco Ayala ya ba da rahoto a 1966 cewa wasu dangin ƙudan, Drosophila serrata da birchii, da aka haska sun fara raguwa daga baya kuma suka zarce waɗanda ba a haska ba. A ƙaramin taro kuwa auren zumunci ke haɗa lalatattun kwafi biyu a jikin ɗa ɗaya, kwalba sai ta yi ta ramewa. Shi ya sa dole adadin iyayen da kuke juyawa sabuwar kwalba ya zama daidai tsakanin rukunan uku, ƙaramin taro da ƙarami, babba da babba, abinci ma dahuwa ɗaya, kuma ku sa wani ya rufe sunan kwalaben da lamba kafin ku fara ƙirga, sai kun gama ya faɗa muku wacce ce wacce.