Ku Riƙa Duba Rasidi Kafin Ku Fita

Mata 'yan uwa, in kun shiga babban kanti sayayya, ku duba rasidi tun kuna gaban mai karɓar kuɗi. Sau da yawa farashin da aka manna jikin kanta daban, wanda kwamfuta ke bugawa daban, don ana ƙara kuɗin kaya ba a canza takardar ba. Wani lokacin ma a buga sabulu ɗaya sau biyu.

A kasuwa kuwa mudu ne abin lura, akwai wanda aka bubbuge gindinsa ya shige ciki. Ni da nawa nake zuwa, ko za a ce na cika ƙwaƙwa. In da POS za ku biya, ku kalli adadin da idonku kafin ku danna lambar sirri.