Yadda na gyara kafiretar DT 125 ɗina a Jos

Tun da na hau da babur ɗina Yamaha DT 125 Jos daga Lakwaja ya fara shaƙewa. In na murɗa totur zuwa rabi sai ya yi ta tari, hayaƙi kamar ana ƙona bola. Fulogi biyu na canza a banza, kowanne ya fito baƙi, jiƙe da mai.

Ashe tudu ne. Jos ta haura mita 1,200 sama da teku, iska ba ta da kauri, sai fetur ya rinjaye ta a kafireta, inda suke haɗuwa.

Soson iska na fara wankewa, don in ya toshe duk saitin da ka yi ɓata lokaci ne. Sannan na zaro allurar kafireta, na ɗaga kilif ɗinta gaba ɗaya sama, allurar ta sauka, mai ya ragu a tsakiyar totur. Babban jet kuma, wato 'yar ƙofar da mai ke bi, na sa wanda ke ƙasa da shi da lamba ɗaya kacal.

Na ba shi wuta a hanyar Bukuru, na kashe, na duba fulogi: ruwan ƙasa, kamar shayi da madara, alamar saiti ya yi daidai. Tsohon jet ɗin yana aljihuna, ranar gangarawa zan mayar, kada mai ya yi kaɗan fistin ya kama.