Yadda Ake Gane Girafayit Ɗin da Zai Kai ga Batirin Mota

Girafayit, baƙin ma'adinin nan na bakin fensir, ya fi kowane ma'adini nauyi a cikin batirin motar lantarki. Mota ɗaya kan ci kilo 50 zuwa 100. Shi ya sa duk wanda ya tono baƙin dutse mai santsi, a Birnin Gwari ne ko a Tanzaniya, sai ya ga kakarsa ta yanke saƙa. Amma ba kowane girafayit masu batir ke saye ba.

A fara da hannu. Na gaske yana ƙarzuwa da farce, yana barin baƙin layi a takarda, kuma wutar lantarki na bi ta cikinsa idan an ɗora mitar gwada wuta. Sai a sa gilashin ƙara girma: mai falle-falle da ƙyalli ake nema. Wanda ya fito dunƙule kamar toka, ba falle, ba ya shiga batir.

Wajen ɗibar samfur ake yawan yaudarar kai. Kada a tsinci masu kyau kawai. A haƙa rami ya ratsa jijiyar dutsen daga gefe zuwa gefe, a ɗiba a kowace mita ɗaya, a rufe kowanne a jakarsa da lamba. A ɗakin gwaji a ce kabon na girafayit zalla, wato ainihin girafayit ɗin da ke cikin dutsen, za a auna. Idan ƙona samfurin kawai aka yi aka auna abin da ya ragu, ruwa da farar ƙasa ma za su shiga lissafi, adadin ya kumbura. Don kwatance, dutsen mahaƙar Balama da ke Mozambik yana da kusan kashi 16 cikin 100.

Daga nan sai gwajin wanki. Ana niƙa dutsen, a dama da ruwa, a zuba ɗan kananzir da sinadarin kumfa, a hura iska. Girafayit ya hau kumfa, yashi ya nutse. Ana maimaitawa har a kai kashi 94 zuwa 97. Niƙa ya yi yawa, manyan falle su farfashe, su kuwa suka fi tsada. Ya yi kaɗan, yashi ya maƙale. Masu batir ƙananan suke ɗauka, waɗanda ba su kai maikiron 150 ba (maikiron 1,000 ne milimita ɗaya).

Aikin da ke cin kuɗi yana gaba. Injin kan mulmula fallen kamar ana mulmula fura, har ya koma ƙwallo mai maikiron 10 zuwa 20, kuma a nan fiye da rabi kan zube ya zama ƙura mai arha. Sai tsarkakewa zuwa kashi 99.95, da asid mai ƙarfi, ko kostik soda, ko zafin da ya haura digiri 2,500, sannan a lulluɓe ƙwallon da kwalta a gasa. Ɓurɓushin ƙarfe kaɗan ya isa ya sa batir ya yi shot, don haka ko ƙarfen da injin ke zubarwa sai an bi shi da maganaɗisu.

A yi lissafi tun kafin a sayi inji. Dutse mai kashi 10, kusan tan 10 da rabi ne ke ba da tan 1 na wankakke, don wani yana salwanta a wanki. Idan kashi 40 ne ya tsira daga mulmula, tan 1 na kayan batir zai ci dutse tan 26.

Sannan a dubi kasuwa da idon basira. Sin ce ke haƙo mafi yawan girafayit na duniya, kuma sama da kashi 90 na mulmulallen daga can yake fitowa. Tun Disamban 2023 ta sa sai da izini ake fitar da shi, abin da ya ƙara tura Amurka da Turai neman wata hanya. Kamfanin Syrah mai Balama ya gina masana'anta a Vidalia ta jihar Luwiziyana a Amurka. Duk da haka girafayit na haɗi, wanda ake gasawa daga ragowar man fetur, ya kama fiye da rabin kasuwar batir, ya danne farashi, har Balama ta riƙa tsayar da aiki a 2023. Masu batir kuma kan ɗauki shekara ɗaya zuwa uku suna gwada kaya kafin su sa hannu, don haka a tanadi mai sayen manyan falle, irin masu yin bulon tanderun narka ƙarfe, wanda zai riƙe mahaƙar a tsawon jiran.