Zana Taswirar Ƙasar 'Yan Asali: Wuraren da Masu Taimako Suke Yin Tuntuɓe

Yawancin ayyukan taswira da suke lalacewa, tun ranar farko suke lalacewa. Baƙi su sauka a ƙauye da na'urar GPS da jirgi marar matuƙi, su tara mutane su ce an zo a zana musu ƙasarsu, ba tare da an tambaye su abin da suke son yi da taswirar ba. Shari'a za su kai? Kamfanin katako suke son tsayarwa? Ko so suke jikokinsu su san sunayen tafkuna da duwatsu kafin tsofaffi su ƙare? Kowace buƙata da irin taswirarta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka a bar na'ura cikin jaka tukuna, a zauna a saurara. Gara mutanen su fara zanawa da kansu a ƙasa ko a kan takarda, daga baya a ɗora abin a kwamfuta.

Kuskure na biyu ya fi muni: ɓoye wanda ya ba da kuɗin aikin da inda bayanan za su. A 2009 wasu al'ummomin Zapotec na jihar Oaxaca a Meziko sun fito fili sun yi tir da wani aikin taswira da masana daga Amurka suka yi a yankinsu, suna cewa ba a fayyace musu cewa wani ofishin rundunar sojan Amurka na cikin masu ɗaukar nauyinsa ba. Sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2007 kan haƙƙin 'yan asali ta nanata cewa a nemi yardarsu kafin a fara, ba tilas, kuma bayan an yi musu cikakken bayani. Sa hannun shugaba ɗaya a kan takardar da bai iya karantawa ba bai zama yarda ba. A rubuta yarjejeniya da harshen mutanen: wa ke riƙe da bayanan, wa zai iya gani, kuma yaya za su janye in sun sauya shawara.

Sai batun layin iyaka, inda ni a ganina aka fi tafka ɓarna da kyakkyawar niyya. Kwamfuta tana son layi ɗaya mai kaifi: nan naka, can nasa. Amma mafarauta da makiyaya da masunta ba haka suke zaune da ƙasa ba. Daji ɗaya, wannan dangi yana cire zuma a cikinsa a wani lokaci na shekara, wancan yana farauta a wani, kowa ya san haƙƙinsa. Ka ja layi a tsakiya, ka haifar da rigimar da babu ita jiya, garin neman gira a rasa ido. Gyaran shi ne a gayyaci maƙwabta tun kafin a taka iyaka, a kuma nuna wuraren tarayya a matsayin na tarayya. Mutanen Inuit na Kanada sun bi hanya mai kyau a aikin da aka wallafa a 1976: aka zauna da mafarauta ɗaya bayan ɗaya, kowa ya nuna duk inda ya yi farauta da kamun kifi da zango a tsawon rayuwarsa, aka tara zanen wuri guda. Wannan shaida na cikin abin da aka dogara da shi har aka kafa yankin Nunavut a 1999. Sai dai in maza kaɗai aka tambaya, rabin taswira aka samu. Rijiyoyi da wuraren ganyen magani da itacen girki, sau da yawa mata ne suka san su, kuma ba lallai su yi magana a gaban taron dattawa ba. A ware musu nasu zaman.

Ba kuma duk abin da aka sani ake sa wa a taswira ba. Maƙabarta, wurin ibada, bishiyoyi masu tsada: ka ɗora su a intanet, ka zama ɗan jagoran ɓarawo. A yi taswira biyu, ta cikin gida mai komai, da ta waje mai iya abin da hukuma ke buƙata.

Kurakuran na'ura sun fi sauƙin magani. GPS na wayar hannu yakan kauce da 'yan mitoci ko a fili, a ƙarƙashin duhuwar daji kuwa abin ya fi haka, don haka a ɗan dakata a maimaita awo. A kuma tambayi ofishin safiyo na ƙasar tsarin awon da yake aiki da shi, domin GPS kan tsarin awon WGS84 yake tafiya, kuma bambancin tsari kaɗai na iya gusar da iyaka fiye da mita ɗari. Manhajar da ba ta aiki sai da intanet ba ta da amfani a daji. Mapeo tana aiki ba intanet, da ita mutanen Waorani na Ikwado suka zana ƙasarsu, suka kuma yi nasara a kotu a 2019 kan shirin ba da yankinsu don haƙar mai. Sapelli kuwa hotuna ake taɓawa maimakon rubutu, an yi ta ne tare da mafarautan dajin Kongo waɗanda ba su yi karatun boko ba. QGIS, manhajar haɗa taswira a kwamfuta, kyauta ce, ba lasisin da zai ƙare ranar da kuɗin tallafi ya ƙare. A koya wa matasan wurin, a bar musu kwafin komai.

Kada kuma a bar mutane su ɗauka taswira takardar mallaka ce. Shaida ce kawai. Al'ummar Awas Tingni ta Nikaraguwa ta ci shari'a a kotun kare haƙƙin ɗan'adam ta nahiyar Amurka a 2001, amma sai 2008 ta karɓi takardar filinta. Mutanen Ogiek na dajin Mau a Kenya sun yi nasara a Kotun Afirka da ke Arusha a 2017, duk da haka an sake korar wasunsu a 2023. Saboda haka tun ana tsara kasafin aikin a ware kuɗin lauya da na bibiyar shari'a, a kuma naɗi muryoyin dattawa da kwanan wata da sunan wurin da suke magana a kai. Kotun Ƙolin Kanada ta yanke a 1997, a shari'ar Delgamuukw, cewa tarihin baka shaida ne da kotu za ta karɓa.