Yadda ake ɗebo ƙasa daga ƙaramin dutsen sararin samaniya a kawo ta duniya

Sau uku kacal aka taɓa yin wannan aiki ya yiwu. Kumbon Hayabusa na Japan ya dawo a 2010 da 'yan ƙwayoyin ƙura daga Itokawa, Hayabusa2 ya kawo giram 5.4 daga Ryugu a 2020, sai OSIRIS-REx na hukumar NASA ta Amurka da ya sauke giram 121.6 daga Bennu a 2023. Kusan hanya ɗaya suka bi, kuma duk inda suka fi shan wuya shi ne wajen taɓa dutsen.

Da farko a zaɓi dutsen da za a je. Ana neman wanda hanyarsa ta zagaya rana ba ta yi nisa da ta duniya ba, don a rage mai. Sannan a duba girma. Waɗanda ba su kai mita 200 ba sukan yi juyi da sauri har su watsar da ƙurar da ke jikinsu, a je a tarar babu abin ɗiba. Faɗin Bennu kusan mita 500 ne, na Ryugu kusan 900. Dukansu baƙaƙe ne wuluk, masu yawan sinadarin kabon, ragowar kayan da suka haɗu aka sami duniyoyi shekaru biliyan 4.5 da suka wuce. Mai karatu zai ce ai irin waɗannan duwatsu suna faɗowa ƙasa da kansu. Haka ne, amma kafin a tsince su wuta ta ƙona bayansu, ruwa da iska da ƙwayoyin cuta sun shiga cikinsu.

Tafiyar ba miƙaƙƙiya ba ce. Roka ta harba kumbo, ya zagaya rana, ya dawo ya gifta ta kusa da duniya don ƙarfin janta ya karkata shi zuwa hanyar dutsen. Daga nan sai ya daidaita gudunsa da na dutsen sannu a hankali har su jera. OSIRIS-REx ya tashi a Satumban 2016, ya isa a Disamban 2018.

Idan an isa, kada a yi gaggawa. Sai an zana taswirar dutsen, an auna nauyinsa da yadda yake juyawa. Ƙarfin jan Bennu bai taka kara ya karya ba: da mutum zai tsaya a kansa ya yi tsalle, ba zai dawo ba. Har hasken rana yana iya ture kumbo daga hanya a irin wannan wuri. Japanawa ma ba su zagaya Ryugu ba, sun tsayar da kumbonsu kilomita 20 a samansa suna kallo.

A nan ne shirin da aka yi daga gida yakan rushe. An yi zaton za a tarar da fili mai laushi a Bennu, aka ƙera kumbon don ya sauka a wuri mai faɗin mita 50. Da hotuna suka zo, sai ga manyan duwatsu ko'ina, wasu sun kai tsayin bene. Wurin da aka zaɓa a ƙarshe, wanda aka raɗa wa suna Nightingale, inda ya dace a taɓa bai wuce mita 16 ba. Ryugu ma haka ya yi wa Japanawa, har suka ɗage saukarsu da watanni.

Mataki na gaba shi ne gwaji. Saƙo daga duniya yana ɗaukar kusan minti 18 kafin ya kai Bennu a lokacin, don haka babu mai tuƙa kumbo da hannu. Shi zai yanke wa kansa hukunci, ya ja da baya idan ya ga haɗari. Hayabusa2 ya fara jefa wata 'yar ƙwallo mai sheƙi a kan dutsen, ya riƙa bin ta a matsayin alama. OSIRIS-REx kuwa hotunan da yake ɗauka yake gwadawa da taswirar da ke cikin kwamfutarsa. Sau biyu ya sauko kusa ya koma kafin ranar gaske.

Sai taɓawar kanta, wadda 'yan daƙiƙoƙi ce. Ba a sauka a zauna. Hayabusa2 ya ɗora wani bututu a ƙasa, ya harba harsashi mai giram 5, tarkacen da ya tashi ya bi bututun ya shiga ma'aji. Kuma ya ƙara wata dabara da ta fi burge ni: a Afrilun 2019 ya harba dunƙulen tagulla ya haƙa rami, sannan a Yuli ya sauko kusa da ramin ya ɗebi abin da ya fito daga ciki, wanda rana ba ta gasa ba. OSIRIS-REx ya miƙa hannu mai tsawon fiye da mita 3 a ranar 20 ga Oktoba 2020, ya fesa iskar naitirojin ta tayar da tsakuwa. Ashe Bennu tarin tsakuwa ne da ba su manne da juna ba. Hannun ya nitse kusan rabin mita, kuma da injin bai tura kumbon baya ba da ya ci gaba da lumewa. Ya ɗebo da yawa har wasu duwatsu suka tokare murfin, kaya suka fara zubewa. Dole aka fasa auna nauyin kayan kamar yadda aka shirya, aka rufe su cikin gaggawa.

Dawowa kuma, kumbon ba ya sauka. Ƙaramin akwati yake saki, ya keto iska da gudun kusan kilomita 12 a daƙiƙa, garkuwar zafi ta kare shi, laima ta buɗe. Na Japan a Woomera ta Ostireliya suka faɗo, na Amurka a hamadar Utah.

Buɗewa ma aiki ce. A cikin rufaffen akwati mai cike da naitirojin ake yi, ana sa hannu ta safar roba, don kada iskar duniya ta taɓa ko ƙwaya ɗaya. A Houston ta Amurka, inda aka kai na Bennu, kusoshi biyu sun ƙi kwancewa, kuma ba a yarda a shigar da kowane irin kayan kwancewa ba, sai da aka ƙera na musamman aka buɗe a Janairun 2024. A ƙasar Bennu an sami 14 daga cikin sinadaran amino 20 da halittu ke gina furotin da su, da gishirin da ruwa ya ƙafe ya bari. NASA ta ajiye aƙalla kashi 70 cikin 100 don masu bincike na gaba.

Hayabusa2 yana can yana tafiya, ba akwati a jikinsa yanzu. A 2031 ake sa ran zai isa 1998 KY26, dutsen da bai wuce mita 30 ba, wanda yake cika juyi ɗaya cikin 'yan mintoci.