Yadda za ka sauko da littafinka na OneNote daga OneDrive zuwa kwamfuta, da yadda ake mayar da shi

Ƙanwata ce ta sa na zauna rubuta wannan. Shekara huɗu tana zuba darussanta a OneNote, manhajar rubutu ta Microsoft, da imel ɗin makaranta, da suka gama aka ce za a rufe musu akawun, sai ta buɗe foldar OneDrive (ma'ajiyar Microsoft ta intanet) a laftof ɗinta ta ga sunan littafin, ta kwafe shi ta zuba a filas, hankalinta kwance. Da ta kawo min filas ɗin na duba, abin da ke ciki KB 1 ne kacal, ko shafi ɗaya babu. Allah Ya sa ba a kai ga rufe akawun ɗin ba, shi ne muka zauna muka ciro komai a daren.

Abin da ya kamata ka fara ganewa shi ne littafin OneNote ba fayil guda ba ne irin na Word. Folda ce, kowane sashe da nasa fayil mai ƙarewa da .one, sannan akwai wani ɗan ƙarami .onetoc2 mai riƙe da jerin sassan. In littafin yana OneDrive kuwa, wancan abin da kake gani a foldar kwamfutarka manuni ne kawai mai kai ka intanet, ainihin kayan suna can. Shi ya sa jan shi da linzami zuwa filas ba ya kawo komai. Manhajar da kanta za ka sa ta yi maka jigilar.

Kuma ba kowace OneNote ce ke iya wannan aikin ba fa. Ta waya da ta Mac ba sa ajiye littafi a cikin na'ura kaɗai, dole sai da OneDrive. Wacce ake kira OneNote for Windows 10 ma Microsoft ta daina kula da ita tun 14 ga Oktoban 2025. Wacce kake buƙata ita ce ta kwamfutar Windows mai File a kusurwar hagu ta sama, kyauta ake sauke ta.

To ka buɗe littafin a cikinta, amma kar ka yi gaggawa, nan ne mutane suka fi yin asara. Ka danna Shift da F9 tare domin ta daidaita littafin da na intanet, sai ka shiga File, Info, View Sync Status ka tabbata babu wani jan gargaɗi. Littafin da ke cike da hotunan allo da muryar lakca yana ɗaukar lokaci kafin ya gama saukowa, in netwok na wasa ka bar shi ya kwana ma in ta kama, ni har bin sassan nake ɗaya bayan ɗaya ina buɗewa in ga hotunan sun fito da idona, don abin da bai sauko ba ba yadda za a yi ya shiga kunshin da za ka ɗaure.

In komai ya sauko sai ka je File, Export, ka zaɓi Notebook, a ɓangaren dama ka zaɓi OneNote Package. Zai ba ka fayil ɗaya mai ƙarewa da .onepkg, wannan shi ne littafin gaba ɗaya a dunƙule, shi za ka sa a filas. Akwai PDF a wurin ma, yana da kyau don karatu ko bugawa, amma ba za ka iya ci gaba da rubutu a ciki ba.

Buɗe kunshin ba wuya, ka danna shi sau biyu, zai tambaye ka suna da inda za a zube shi. Ka kalli adireshin nan da kyau don Allah. A kwamfutoci da yawa foldar Documents ita kanta tana cikin OneDrive, in ka ga kalmar OneDrive a adireshin to ka canza, ka buɗe sabuwar folda kai tsaye a C: ka ce a sa a can.

Wanda akawun ɗinsa na kansa ne, irin na Outlook ko Hotmail, yana da wata hanyar ta burauza: ka shiga OneNote na intanet, ka danna maɓallin dama na linzami a kan sunan littafin, ka zaɓi Export notebook, zai sauko a zip. Wannan ba ta aiki da akawun ɗin makaranta ko na ofis, shi ya sa mu muka bi ta farkon.

Mayarwa sama kuma, kar ka ɗauki foldar ka jefa cikin OneDrive da hannu, daidaitawar rikicewa take. Ka buɗe littafin a manhajar, ka shiga da akawun ɗin da kake so ya koma, sai File, Share, ka zaɓi OneDrive, ka danna Move Notebook. Ka fara duba wuri tukuna, GB 5 ne kawai na kyauta kuma hotunan wayarka ma ƙila suna ci daga ciki. Kar ka rufe littafin yana tsakiyar hawa, in ba haka ba sai ka tsinci wasu sassan a ƙasa can ƙarƙashin Misplaced Sections, sai ka bi su kana mayarwa da hannu.

Da ya gama, ka ɗauki wayarka ka buɗe littafin, ka duba shafin da ka rubuta na ƙarshe ko yana nan. Tsohuwar foldar da ke kwamfuta daga yanzu ba ta tafiya tare da na saman, don haka ka sa mata kwanan wata a suna ka ajiye ta gefe, kar wata rana ka manta ka ci gaba da rubutu a cikinta.